RUFE ƘASA DA TSIRE-TSIRE MASU YAƊO: SHAWARA GA MANOMAN JIBIYA DA NA BAKIN IYAKA

Malam manomi, in ka bi hanyar Katsina zuwa Jibiya a watan Afrilu ko Mayu, ka wuce Magama har ka ƙetara zuwa Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, ka dubi gonaki dama da hagu. Yawancinsu za ka gan su tsirara. An kwashe kara, an kwashe harawa, an share ɗan abin da ya rage an ƙone, sai farin yashi yana ƙyalli cikin rana. Mai gona yana ganin ya yi shara mai kyau, ya shirya wa damina. Gaskiyar magana kuwa, ya buɗe wa iska ƙofa ne.

Wannan takarda za ta yi maka bayani a kan yadda za ka rufe ƙasar gonarka da tsire-tsire masu yaɗo waɗanda ke jure fari, da waɗanda suka dace da ƙasarmu, da kuma waɗanda bai kamata ka ɓata kuɗinka a kansu ba.

ME KE FARUWA DA ƘASAR DA BA TA DA RUFI?

Ƙasar Jibiya jigawa ce, yashi ya fi yawa. Ruwan da ake samu a shekara yakan kama daga milimita 500 zuwa 700, kuma duk cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ƙasa tana shan rana da iska.

Mutane da yawa suna ɗora laifin zaizayar ƙasa a kan iskar hunturu. Tana da nata laifin, amma ba ita ce babbar ɓarauniya ba. Wadda ta fi ɓarna ita ce guguwar da ke tasowa daga gabas gaban hadari a farkon damina. Minti goma ko ashirin take yi, amma a cikin wannan ɗan lokaci sai ta ɗebe lallausar ƙasar sama, wadda a cikinta taki yake, ta bar maka tsakuwa da babban yashi. In geronka ya riga ya tsiro, yashin da take korawa zai tsattsage masa ganye, ko ya binne shi a rami. Duk wanda ya taɓa sake shuka sau biyu ko sau uku a shekara guda ya san abin da ake faɗi.

Na biyu, zafi. Da tsakar rana a bazara, fuskar yashin da ba rufi takan wuce digiri 50 na zafi. Ka taka ba takalmi ka ji. Ɗan tsiron da ya leƙo da kansa cikin wannan wuta, in ruwa ya yi jinkirin kwana goma, sai ya ƙone.

Na uku, ruwan da kansa. Ɗigon ruwan sama in ya bugi ƙasa kai tsaye yakan daddaɓe fuskarta, ta yi ɓawo. Ruwa na gaba in ya zo ba ya shiga, sai ya gangara. Haka faƙo ke farawa, haka kwazazzabo ke farawa, kuma yashin da ya bar gonarka a kogin Gada zai ƙare, ya je ya cika dam ɗin Jibiya wanda masu noman rani suka dogara da shi.

Dattawa sun ga ƙarshen wannan al'amari a farin 1973 da na 1984. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya hana mutane da dama zuwa gonakinsu na nesa, sai nauyi ya koma kan gonakin kusa da gari, ana nomansu kowace shekara ba hutu. Gonar da ba ta samun hutu, ko ba komai ta samu sutura.

MAGANAR TAYIM MAI YAƊO

Samari sukan nuna wa malaman gona hotuna a waya, na wani tsiro da ke shimfiɗe a ƙasa kamar darduma, ya yi fure ja-ja mai ruwan hoda, an rubuta wai yana jure fari, ba ya bukatar ban ruwa. Suna tambaya ko za a samu irinsa. Wannan shi ne tayim mai yaɗo, ɗan'uwan tayim ɗin da mata ke zubawa a miya tare da kori. Asalinsa daga ƙasashen Turai yake. Tsawonsa ba ya wuce inci 2 ko 3, yana da ƙamshi, ƙudan zuma suna sonsa, kuma Turawa suna shuka shi a tsakanin duwatsun daɓen gida da wuraren da ciyawa ba ta yi.

Ba ƙarya suka yi ba da suka ce yana jure fari. Amma ka tambayi kanka, farin wa? Abin da Bature ke kira fari shi ne a yi 'yan makonni ba ruwa. Namu wata takwas ne. Ƙwayar irinsa ƙanana ce ƙwarai, a saman ƙasa ake yayyafa ta, kuma sai ta samu danshi na mako 2 zuwa 3 ba yankewa kafin ta tsiro. Ba ya son zafi mai gumi irin na marka, ba ya son saiwarsa ta zauna cikin ruwa. Bayan haka ba ya ba ka hatsi, ba ya ba akuyarka abinci. Wanda yake da sha'awa yana iya gwada shi a tukunya a ƙarƙashin inuwa. A gona kam ba mu ba da shawara ba. Aikin da yake yi wa Turawa, muna da masu yi mana shi tun kaka da kakanni.

WAKE: SARKIN MASU YAƊO

Ba wani tsiro da ya kai wake amfani a wannan aiki. Yana rufe ƙasa, yana ba ka abinci, yana ba ka harawa, sa'an nan yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. In ka tuge gindin wake mai mako shida ka duba saiwarsa, za ka ga wasu 'yan ƙulalai. Fasa guda da farce. In cikinsa ja-ja ne, to yana aiki: akwai ƙananan halittu a ciki da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki, irin wanda kake saye a buhun yuriya. Saboda haka geron da ya biyo bayan wake yakan fi kyau.

Zaɓen iri. Wake iri biyu ne, mai yaɗo da mai tsayuwa. Cikin masu yaɗo ka san Kanannado da Ɗan Ila. Kanannado ya fi kowa rufe ƙasa da ba da harawa, amma yana da hali guda: ba ya fure sai rana ta fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. A nan Jibiya sau da yawa ruwa ya riga ya ɗauke a lokacin. In ƙasar ba ta riƙe danshi ba, sai ka tashi da harawa jibgi, ƙwaya kuwa 'yar kaɗan. Ɗan Ila ya fi shi saurin nuna. Shawararmu ita ce kada ka dogara da iri ɗaya. Ka shuka mai yaɗo domin rufi da harawa, ka kuma ware wani yanki ka shuka mai saurin nuna domin tukunya.

In gonarka tana da ƙudujin wake, wato wuta-wutar da ke kama saiwar wake ta sa ganye ya yi rawaya ya tsumbure, ka nemi SAMPEA 10. Masu bincike na IITA da na Samaru ne suka fito da shi, ƙuduji ba ya cinsa. Sai dai ba ya yaɗo sosai, don haka a matse shukarsa.

Lokacin shuka. In cikin gero za ka sa, ka bari geron ya yi mako 3 zuwa 5, bayan ka yi noman firi, ka sami ruwa mai kyau sa'an nan ka shuka. In ka yi gaggawa waken zai hau kan gero ya danne shi. In ka makara geron zai yi masa inuwa, ya fito siriri ba ƙarfi. Kada a wuce tsakiyar Yuli in da hali.

Tazara. Mai yaɗo: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 50 tsakanin rami da rami, wato kamar kamu ɗaya. Mai tsayuwa: santimita 20 tsakanin rami da rami, kamar taƙi guda. Ka sa ƙwaya 3 a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, bayan mako 2 ka cire ɗaya ka bar 2.

Akwai wani tsari da masu bincike na IITA a Kano suka gwada tare da manoma ya kuma karɓu: layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, haka har ƙarshen gona. Amfaninsa shi ne waken yana samun rana sosai, feshi yana sauƙi, kuma badi sai ka juya, inda wake ya zauna ka sa gero. Wanda ya saba da gicci ba a ce ya bari ba. Ya gwada wannan a kusurwa guda ya kwatanta da idonsa.

Taki. Wake ba ya bukatar yuriya da yawa. In ka cika masa sai ya yi ta ganye ya ƙi 'ya'ya. Abin da ƙasarmu ta rasa shi ne sinadarin da ke cikin takin sufa. A hekta ɗaya, wato eka 2 da rabi, ka sa buhu 2 na sufa da buhu 2 na kamfa 15-15-15 lokacin shuka. In kuɗi bai kai ba, ka fifita sufa, ka haɗa da takin gida.

Ƙwari. Nan ne wahalar wake take. Darɓa tana kama shi yana ƙarami, musamman in ruwa ya yi tsaiko. In ya fara fure kuma ga ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, ga tsutsar da ke huda kwanso. Feshi 2 ko 3 ya isa in an yi a kan kari: ɗaya da fara toho na fure, ɗaya da fure ya cika, ɗaya da kwanso ya fara. Ka yi feshi da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma, ka rufe hanci da baki, kuma kada a ci ganye ko ɗanyen wake sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Kada ka sayi maganin da aka juye a gorar ruwa ba suna ba takarda, kome arharsa. A kasuwannin bakin iyaka irin wannan ba ya wuya. Ruwan dakakken 'ya'yan bedi da aka jiƙa ya kwana yana rage darɓa. Tun 2019 kuma akwai irin SAMPEA 20-T wanda tsutsar kwanso ba ta yi masa ɓarna, amma shi ma yana bukatar feshi saboda sauran ƙwari.

Yankan harawa. Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Bayan roro sai a bi a tuge waken da saiwarsa. Kada ka tuge. Ka yanke da lauje a gindi, ka bar saiwa cikin ƙasa ta ruɓe, ta riƙe yashi. Ka yanka tun ganye yana kore bai fara zuba ba, don a ganyen amfanin yake.

DAGA KAKA ZUWA BAZARA

Wake ya yi nasa aiki daga Yuli zuwa Oktoba. Matsalar ita ce, lokacin da guguwar farkon damina ke zuwa babu wake a gona. Wa zai tsare ƙasa a wannan lokaci?

Yaɗiya. Ba sai an gabatar maka da ita ba. Ka ci kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, kuma tsofaffi za su gaya maka yadda ta ceci mutane a shekarun yunwa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne aikin da take yi wa ƙasa. Saiwarta tana nisa ƙwarai, shi ya sa kake ganinta kore shar a watan Maris lokacin da kome ya bushe. Ka je gindin tsohuwar yaɗiya ka duba: za ka tarar ƙasa ta yi tudu a ƙarƙashinta, da lallausan yashi da busasshen ganye da kashin awaki, duk abin da iska ta kwaso daga wani wuri ta tare shi. Tana yin ƙananan furanni masu ƙamshi, zuma tana zuwa. Awaki da raƙuma suna ci, in an cinye ta sake tohowa.

In kana sassabe ka tarar da ita a gefen gona ko a kan tudun da iska ke ci, kada ka haƙe ta. In babu, ka nemi kwansonta da rani kafin ya fashe, don in ya fashe 'ya'yan suna da gashi kamar auduga, iska za ta tafi da su. Ka shanya a cikin ƙwarya ka rufe da faifai. Da ruwa ya zauna ka shuka a kan iyakar gona, musamman ta gabas, taku 2 tsakani, kada ka binne da zurfi. Shekarar farko tana tafiya a hankali, kada ka fid da rai. Aibinta guda ne: in ta kafu takan miƙa hannu cikin shuka ta naɗe gero. Maganinsa lauje. Abin da ka datse ka kai gida, a zaɓi ɗanyen ganye a dafa, sauran a ba dabbobi.

Guna. Manoman Yobe da arewacin Barno, waɗanda ruwansu bai kai namu ba, suna shuka guna a cikin gero wajen ƙarshen damina. Bayan an girbe gero sai ta ci gaba da yaɗo da ɗan danshin da ya rage, ta rufe ƙasa har cikin ɗari, a fasa 'ya'yan a fitar da ƙwaya a sayar ko a matse mai. Ƙasar jigawa take so. Ka gwada ta a ɗan yanki tukuna, a ƙarshen Agusta, rami da rami taku 2. Sai dai ka san cewa in aka saki dabbobi bayan girbi, in ba shinge ko yarjejeniya da maƙwabta, za a tattake ta.

Kara. Wannan ba tsiro mai rai ba ne, amma dole a ambace shi. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a ƙasa mai yashi irin tamu, an gwada shimfiɗa karan gero tan 2 a hekta, aka ga yashin da iska ke kwasa ya ragu da kusan rabi. Mun san kara kuɗi ne. Da shi ake danni, da shi ake girki, shi dabbobi ke ci, kuma in ka bar shi a gona wani zai kwashe. Ba mu ce ka bar duka ba. Amma in za ka sare, ka sare a sama ka bar kututture tsawon taƙi ɗaya ko biyu, kada ka tone tushiya sai dab da shuka. Tarkacen da ka saba tarawa ka cinna wa wuta, ka kai shi kan faƙo da kan tudu ka shimfiɗa, ka danne da rassan sabara. In gara ta ci kada ka damu. A kan faƙo gara ma'aikaciyarka ce, ramukan da take haƙawa su ne hanyar ruwa.

DARASI DAGA ƘETAREN IYAKA

Masu zuwa Maraɗi sun ga yadda gonakin can suka cika da itatuwa. Ba dasa su aka yi ba. Tun 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman jihar Maraɗi, suka fara abin da ake kira sassaben zamani. In kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya toho a gona, maimakon a sare duka, sai a zaɓi rassa 2 zuwa 5 masu ƙarfi a bari, a datse sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, ruwansu ma bai kai namu ba. Itace yana karya ƙarfin iska a sama, mai yaɗo yana riƙe ƙasa a ƙasa. In aka haɗa biyun aikin ya fi tafiya.

WAƊANDA ZA KA YI HATTARA DA SU

Duman kada yana yaɗo da sauri, yana da fure mai kyau, yana kuma riƙe bakin rafi da kwazazzabo sosai. Amma guba ne ga dabbobi. Tumaki da awaki da shanu ba su cika kula shi ba, sai in yunwa ta matsa da rani, kuma in sun ci da yawa sukan kama makyarkyata da tangaɗi. Inda yake a bakin kwazazzabo ka bar shi ya yi aikinsa. Kada ka kai shi kusa da turke ko cikin gona. Tsidau ma mai yaɗo ne, amma ƙayarsa ta isa dalili. Ƙiri-ƙiri yana da kyau a bakin dam da gefen magudanar ruwa, in ya shiga fadama kuwa sai ka sha wuya kafin ka rabu da shi.

TSAKAR GIDA DA FILIN MAKARANTA

In fure kake so a ƙofar gida ko a makaranta ko a asibiti, akwai wata fulawa 'yar'uwar fasa-ƙaba, masana suna kiranta fotulaka. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, kuma ana samunta wurin masu sayar da fulawa a manyan garuruwa. Ganyenta yana da kauri, yana ajiye ruwa. Tana buɗe fure ja ko rawaya ko fari da hantsi, ta rufe da yamma. Zafin rana ba ya damunta, inuwa ce ba ta so. Ka karya reshe tsawon yatsa ka soka a yashin da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki, taƙi ɗaya tsakani. Ka ba ta ruwa kullum har mako guda, bayan ta kama sau 2 a mako ya isa, ko da ruwan alwala ne. Ka kare ta daga kaji da awaki da ɗan shingen ƙaya.

Kada ka ce sai ka gyara gona duka a shekara ɗaya. Bana ka zaɓi wurin da ya fi lalacewa, inda gero ba ya wuce gwiwa, ka auna taku 20 a tsaye da 20 a kwance. Ka shimfiɗa masa tarkace tun yanzu, ka sa wake mai yaɗo da damina, ka shuka yaɗiya ta gabashinsa, ka kafa turaku a kusurwoyi huɗu don kada ka manta iyakarsa. Badi ka sa gero a wurin, ka ƙirga dammunan da ka ɗaure.

In kana bukatar iri ko ƙarin bayani, ka ga malamin gona na yankinku, ko ka je sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Jibiya, ko ofishin KTARDA mafi kusa da kai.